Tsohon kare mai ciwon zuciya: yadda za mu kula da shi har ƙarshe

Darasinmu na wannan fitowa a kan kare ne. Mun san wasu za su yi dariya, su ce: ana maganar shanu da awaki, wa ke ta kare? To amma mu tambayi mai garka a Jiratawa, ko mai garken tumaki a wajen Gabi da Ɗan Isa. Su sun san wanda ke kwana a farke sa'ad da mu muke barci. Kare yana tsaron rumbu. Yana korar dila daga garke. Ba ya karɓar lada sai ragowar tuwo. Addinin Musulunci ma ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona.

Kare ba ya daɗewa kamar mutum. In ya kai shekara 8 ya shiga tsufa. A nan ne cututtukan tsufa suke fitowa, kuma ciwon zuciya yana cikin manyansu. Likitocin dabbobi na Amurka sun ƙiyasta cewa cikin karnuka 10 da ake kai musu, 1 yana da ciwon zuciya.

Me ke faruwa cikin ƙirjinsa?

Zuciya kamar famfon ban-ruwa take. Tana jawo jini daga gefe guda, ta tura shi ɗaya gefen. Tana da ɗakuna 4, kuma tsakanin ɗakunan akwai ƴan ƙofofi na tsoka masu buɗewa da rufewa. Duk wanda ya taɓa aiki da famfo ya san abin da ke faruwa in robar ciki ta cinye: kana ta bugawa, ruwa yana komawa baya. Haka zuciyar tsohon kare take. Ƙofar da ke gefen hagu ita ce ta fi saurin lalacewa. Ba ta rufuwa sosai, sai jini ya riƙa komawa baya. Zuciya ta ƙara ƙoƙari, ta kumbura, daga baya ta gaza. In ta gaza, ruwa yakan taru cikin huhu. Wani lokaci yakan taru cikin ciki.

Akwai kuma wani sanadi da ya kamata mu sani, mu da ke zaune kusa da tafkin Madarunfa da Gulbin Maraɗi. Wata tsutsa ce da sauro ke ɗauka daga kare zuwa kare a ƙasashe masu zafi. Tana girma cikin wata 6 ko 7, ta zauna cikin zuciya da jijiyoyin huhu. Tsawonta yana iya kai santimita 30. Ita ma tana sa zuciya ta gaza. Amma mu yi hattara: kada mu ɗauki allurar tsutsa ta shanu mu tsira wa kare da kanmu. In tsutsar tana jikinsa, ko awon ya yi yawa, allurar tana iya kashe shi.

Alamun da za mu gani

Ciwon yana zuwa a hankali. Da farko sai mu ga kare ya rage bin mu gona. In ya bi, yakan tsaya a hanya yana haki. Sannan tari ya zo, musamman da dare ko da asuba, busasshen tari kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya. Bayansa yana ramewa, amma cikinsa yana iya kumbura kamar tulu. Mutane sukan ce ƙiba ya yi. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. In abin ya yi nisa, dasashinsa da harshensa sukan koɗe ko su yi shuɗi-shuɗi. Yana iya faɗuwa ya suma na ɗan lokaci, sa'an nan ya tashi.

Alamar da ta fi kowace amfani ita ce numfashi, kuma mu da muka koyi lissafi za mu iya auna ta. Mu bari sai kare ya yi barci a inuwa, da sanyin safiya ko da dare. Mu dubi haƙarƙarinsa. In ya ɗaga ya sauka, numfashi 1 ke nan. Mu ƙirga na rabin minti da agogo ko da salula, sa'an nan mu ninka sau 2. Lafiyayyen kare mai barci ba ya wuce numfashi 30 a minti. In muka samu fiye da 30 kwana biyu ko uku a jere, wataƙila ruwa ya fara taruwa a huhu. In ya kai 40 ko ya wuce, kada mu jira gobe. Mu rubuta kwanan wata da adadin cikin littafinmu. Wannan rubutun zai taimaki likitan dabbobi fiye da dogon bayani da baki.

Kada mu haɗa shi da haukan kare

A nan za mu ɗan tsaya, domin wannan magana ta shafi ran ƴaƴanmu. Mahaukacin kare ma yakan yi kamar ƙashi ya maƙale masa. Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Wani yakan kwanta shiru, haɓarsa ta saki, yawu yana dalala. Mai shi ya tausaya, ya sa hannu cikin bakinsa don ya ciro ƙashi, ya ɗauki cutar. Saboda haka kada mu taɓa sa hannu cikin bakin kare marar lafiya, ko da namu ne tun yana kwikwiyo.

Bambancin shi ne: ciwon zuciya yana ɗaukar makonni da watanni, kuma kare ba ya sake hali, yana gane mutanen gida. Hauka kuwa tana sauya halinsa da muryarsa farat ɗaya, kuma tana kashe shi cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi gidan likita a ranar. Karen kuma a tsare shi, a sanar da ma'aikatan kiwo su duba shi. Allurar rigakafin hauka wajibi ce ga kowane kare, tsoho ko yaro.

Magani da kulawa a gida

Mu faɗi gaskiya: ƙofar zuciya da ta cinye ba ta komawa sabuwa da ƙwaya ko sassaƙe. Abin da magani ke yi shi ne rage wahala da ƙara kwana. Akwai ƙwaya mai suna furosemid, wadda ke fitar da ruwan huhu ta hanyar fitsari. Akwai wata mai suna pimobendan, wadda ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugawa. Wani babban bincike da aka buga a 2016, a kan karnuka 360, ya nuna cewa in aka fara ba da ita tun zuciya ta kumbura amma ba ta gaza ba, tana jinkirta gazawar da kusan wata 15. In kuwa zuciya ta riga ta gaza, abin da ya rage wa yawancin karnuka watanni ne, ko shekara guda in an dace, ko da ana ba su magani.

Likitan dabbobi ne zai saurari ƙirjin kare, ya auna nauyinsa, ya faɗi awon ƙwaya. Mu fara da ma'aikatar kiwo ta Madarunfa. In abin ya fi ƙarfinsu za su nuna mana inda za mu je a Maraɗi. Kada mu saya wa kare magani a hannun masu talla. Kada mu ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diklofenak, domin suna ɓata masa ƙoda da tumbi. Farasitamol ma, in ya yi yawa, yana lalata hantarsa.

Akwai abubuwan da ba sa cin ko dala. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, don haka mu cire masa tuwonsa kafin a zuba miya. Ban da kilishi, ban da dunƙulen ɗanɗano, ban da abincin da aka sa wa kanwa. Albasa ma guba ce ga jinin kare. Mu ba shi tuwo da ɗan dafaffen nama, ko ƙwai, ko kifin tafki da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau 3 a rana. Ruwan sha kuwa kada ya yanke masa. Wasu sukan ce tunda ruwa ne ya cika masa ciki, a hana shi sha. Wannan kuskure ne babba, musamman in yana shan ƙwayar fitsari, domin ƙodarsa za ta tsaya.

Bazara ita ce lokacin da ya fi wuya. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40, kuma kare da haki yake sanyaya jikinsa. Mai ruwa a huhu ba ya iya wannan. Mu ba shi inuwa mai iska, mu yayyafa ruwa a ƙasar da yake kwanciya. Mu kwance igiyar wuyansa. Mu daina kai shi farauta ko kiwo, ko da ya nuna yana so. Mu hana yara tsokanarsa.

In kuɗin magani ya fi ƙarfinmu fa? Ra'ayinmu shi ne, kada maigida ya sayar da hatsin iyali don ƙwayar kare. Babu abin kunya a nan. Amma rashin kuɗi ba hujja ba ne na kora shi daji, ko barinsa cikin rana ba ruwa. Duk mun ji hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Sa'ad da wahala ta fi sauƙi yawa

Ranar tana zuwa da za mu tambayi kanmu: rayuwa yake yi, ko wahala kawai yake sha? Ido yana ruɗin mutum, domin ranar da kare ya kaɗa wutsiya sai mu manta da dare uku na tari. Ga dabara. Mu ajiye ƙwarya a rumfa. Ranar da ya ci, ya sha, ya tashi da ƙafarsa, ya yi barci a kwance, mu jefa ƙwayar wake. Ranar da ya kasa, mu jefa tsakuwa. Bayan mako 2 mu zube mu ƙirga. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a littafi.

In tsakuwa ta fi wake yawa, ƙarshe ya kusa. Haka nan in ya ƙi abinci kwana da kwanaki, ko yana suma a kai a kai. Alama mafi muni ita ce kare ya kasa kwanciya: ya kwana a zaune ko a tsaye, ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba yana neman iska. Wannan kamar mai nutsewa cikin ruwa yake, sai dai shi a tudu.

To, ya halatta a hutar da shi? Malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce a bar shi sai ajalinsa ya zo. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya halatta a kawo ƙarshen ran dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai ga warkewarta. Maigida ya tambayi malaminsa, ya tambayi likitan dabbobi, ya kuma shawarci iyalinsa. Kada a manta da yaron da ke fita kiwo da karen. Sau da yawa shi ne ya fi kowa jin abin, kuma shi ne ba a tambaya. A gaya masa gaskiya, kada a ce masa kare ya ɓata.

Wanda ya zaɓi ya jira, to ya ci gaba da inuwa da ruwa da lallashi har ƙarshe. Wanda ya zaɓi ya hutar da shi, hanya mafi sauƙi ita ce allurar likitan dabbobi. Allurar barci ce mai ƙarfi da ake yi a jijiya. Kare yakan yi barci, numfashi da zuciya su tsaya cikin ƴan mintuna. Duka da jifa da rataya zalunci ne. Guba kuwa ta fi su muni: maganin ƙwari ko na ɓera yana sa dabba ta daɗe tana shure-shure, kuma abincin da aka sa wa guba yana iya faɗawa hannun yaro ko bakin kaji.

Gawar kuma kada a jefa ta a juji, ko cikin gulbi, ko bakin tafki inda masunta ke aiki kuma dabbobi ke sha. Maganin allurar yana zama cikin naman, yana iya kashe ungulu da karnukan da suka ci. A haƙa rami mai zurfin mita 1 ko fiye, a kan tudu, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, domin ruwan ƙasa ba shi da nisa a fadamunmu. A rufe, a danne da ƙaya ko duwatsu, a wanke hannu da sabulu.

Aikin aji

Wani makiyayi ya ƙirga numfashin karensa yana barci, na rabin minti kowace rana. Ran Litinin ya samu 13. Ran Laraba ya samu 17. Ran Juma'a ya samu 21. Mu lissafa numfashi nawa ke nan a minti a kowace rana, mu rubuta a allo. A wace rana ya kamata ya fara damuwa? A wace rana ce bai kamata ya kwana bai ga likitan dabbobi ba?