Darasi: Ƴan lakkol da bakin ruwa

Nijar ba ta da teku. Amma mutanen Tajaye da suka je cin rani Kwatano ko Lome sun gan shi, sun kuma ga tarin leda da robobi a bakinsa. Tun 1986, a jihar Tekzas ta Amurka, mutane suka fara fita rana guda a shekara suna share bakin teku. Yanzu ƙasashe da yawa suna yi cikin watan Satumba, har da ƴan lakkol. Ba kwasar shara kaɗai suke ba. Suna ƙirga abin da suka kwasa, su rubuta, su kai ma hukuma.

A jihar Tawa, tabki shi ne teku. Akwai tabkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya a 2005. Akwai madatsun Mozage da Zango a kan Magiya, masu shayar da gandun noman rani na Birnin Konni. Kusan kowane gari kuma yana da nasa ɗan tabki.

Tabki na kowa ne: makiyayi, masunci, mai garka, mai yin bulo. Shi ya sa kowa ke jiran wani ya kula da shi. Ruwan sama na kwaso rairayi daga tudu maras itace, tabki ya cike, ya ƙafe tun kafin bazara. Akuya ta ci leda, cikinta ya toshe, ta rame ta mutu. Dokar 2014 ta hana shigo da irin wannan leda da saida ta, amma har yau tana rataye a ƙaya. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka.

Yara sun fi kowa sanin bakin tabki, don su ke kai dabbobi shan ruwa. Sai malami ya tara su, su zaɓi shugabanninsu da ɗaga hannu, ƴan mata da samari. Kada malami ya naɗa ɗan maigari don kunya. Wanda ya faɗi zaɓe ya yi haƙuri, ya kama aiki. Su zagaya tabkin da littafi: buhun leda nawa aka cika? Ina ƙorama ke zubo rairayi? Sannan su kai takardar gaban maigari da kwamitin iyaye. In abin ya fi ƙarfin gari, a kai ma magajin gari da ma'aikatan ruwa da daji. Yaron da ya tsaya gaban manya ya karanta lissafinsa da ladabi, ba zai ji tsoron magana a taron gari ba in ya girma.

Wasu iyaye na cewa aikin gayya na hana karatu. In ya yi yawa, gaskiyarsu. Rabin yini a wata ya isa, kuma kada yara su shiga cikin ruwan.

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar tabkuna da fadamu ta duniya, lokacin ana karatu, ruwa kuma ya ja baya. Dashen itace na 3 ga Agusta kuwa yana faɗawa cikin hutu. Sai a raba ma yara turnin ban ruwa tun kafin a rufe lakkol.

Tambayoyi:
Su wa ke amfani da tabkin garinku?
A wane wata yake ƙafewa yanzu? Da fa?