Murhun gaz a ɗakin gwaje-gwaje

A makarantun Tasawa da Mayahi, cikin butali ake kawo gaz, mai kilo 6 ko mai kilo 12. Tun 2011 matatar man Damagaram take fid da shi. Ƙaramin murhun gwaji kuwa ya ci sunan Robert Bunsen, wani masani na Jamus da ya gyara shi a 1855.

Ido ba ya ganin gaz. Ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi ƙarƙashin tebura. Shi ya sa ake sa masa wari, don hanci ya gane shi.

Kafin a kunna, malam yana buɗe tagogi. Yana shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In kumfa ta taso, akwai kafa. Nan fa ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki. A rufe butali, yara su fita.

In tiyo lafiya yake, ɗalibi ya fara ƙyasta ashana, sannan ya buɗe gaz sannu-sannu. Wanda ya buɗe gaz kana ya tafi neman ashana, wuta za ta bugo masa fuska.

Harshen wuta rawaya alamar ƙarancin iska ne, yana baƙanta kwalba. In an murɗa zoben murhu, sai ya koma shuɗi. Shuɗin ya fi zafi, kuma da rana da ƙyar ake ganin shi. Don haka ƴan mata ke ɗaure mayafi baya.

A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40. Butali na zama a inuwa, tsaye.