Kafin Ka Ce Ciyaman Ya Ci Kuɗi, Nemi Takarda

Duk majalisar da ka zauna, a ƙauye ko a birni, da zarar hira ta gangaro kan ƙaramar hukuma hukunci ɗaya ake yankewa: ciyaman ya cinye kuɗi. Mai yiwuwa ne hakan ta faru. Amma tambayi mai maganar nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsa a watan jiya, nawa aka zaftare kafin kuɗin su iso, wa ya sa hannu aka biya ɗan kwangilar rijiyar burtsatsen da ba ta taɓa kawo ruwa ba, sai ka ji ya koma kame-kame. Jami'in da ake zargi kuwa ba abin da ke kwantar masa da hankali irin wannan zargi na fatar baki, domin ya san da an watse daga majalisar maganar ta bi iska. Abin da ke hana shi barci shi ne mutum ya zo masa da kwanan wata, da adadi, da kofen takarda.

Fara da sanin abin da ke wuyan ƙaramar hukuma, don kada ka ɗora mata laifin da ba nata ba. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bandakunan jama'a, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da lafiya a matakin farko. Idan babban titin da ya ratsa garinku ne ya farfashe, da alama na jiha ne ko na tarayya. Idan kuwa kwata ce ta toshe ruwa ya shiga gidajen mutane, ko kasuwa ce ake karɓar haraji kullum ba ko rumfa ɗaya da aka gyara, to wannan kai tsaye sakatariyar ƙaramar hukuma za ka nufa.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan aka fi yin ruɗani. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Daga asusun tarayya suna da kashi 20.60 cikin ɗari, daga harajin VAT kuma kashi 35. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC, yana zama ya raba, kuma ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. Duk wanda ke da waya mai intanet zai iya dubawa. Idan ba ka iya ba, ba a rasa ɗalibi ɗaya a unguwa da zai buɗe maka.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Adadin da aka wallafa a Abuja daban, abin da ya sauka a hannun ma'aji daban. Shekara da shekaru kuɗin kan faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, a can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, ragowar ce ke gangarowa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. An yi ta murna. Amma aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, saboda haka kada ka ɗauka cewa tunda kotu ta faɗa shi ke nan an yi. Tambaya biyu za ka yi a tare: nawa aka ware mana, nawa kuma ya shigo asusunmu? Tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta nuna maka ko ciyaman za ka tuhuma, ko ma'aikatar ƙananan hukumomi da ke babban birnin jiha. Ni a ganina rabin ciyamomin da ake zagi sun cancanci wani zagin daban, na yin shiru ana yanka kuɗin jama'arsu don gudun ɓacin ran wanda ya ɗauko su.

Kuma a daina zuba wa ciyaman ido shi kaɗai. Shi ɗan siyasa ne, wa'adinsa na cika zai kama gabansa. Waɗanda ba sa tafiya su ne manyan ma'aikata: daraktan mulki da ake kira DPM a wasu jihohi, DAGS a wasu, da ma'aji, da shugaban sashen ayyuka, da oditan cikin gida. Takardar biyan kuɗi ba ta wucewa sai ta bi ta teburansu. Injiniyan sashen ayyuka ne ke rubuta cewa an kammala gini, odita ya duba bauca, ma'aji ya saki kuɗi. Idan aka biya kuɗin aji uku alhali harsashi kawai aka haƙa, akwai ma'aikacin da ya sa hannu a kan cewa ya je ya gani da idonsa. Nemi sanin muƙaminsa. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke da ikon ladabtar da manya daga cikinsu, kuma ma'aikaci ya fi ɗan siyasa tsoron takardar tuhuma, domin fanshonsa na rataye da ita.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da ya kamata ka riƙe. A watan Yunin 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta kafa ƙa'idar cewa kada a cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, sauran duk ta banki za a biya. Don haka duk babban biya yana barin sawu. Sannan ciyaman da kansiloli na cikin waɗanda tsarin mulki ya wajabta wa bayyana kadarorinsu ga hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin kama aiki da lokacin sauka.

Yanzu ga kansilanka. Mun mayar da kansila mutumin da ake tarewa a ƙofar gida da katin asibiti ko goron suna, shi ma ya karɓi wannan matsayi ya zauna. Alhali aikinsa na doka ya wuce haka nesa. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗin shekara, ita ke yin dokokin cikin gida, tana iya kiran shugaban sashe ya zo ya yi bayani, kuma dokokin jihohi sun ba ta hanyar tsige ciyaman idan ta kama. A kula, kansila zaɓaɓɓe daban yake da kansila mai gafaka. Mai gafaka ciyaman ne ya naɗa shi ya riƙe sashe, don haka ɗan ɓangaren zartarwa ne, kada ka sa ran ya binciki ubangidansa. Wanda kuka zaɓa a mazaɓarku shi za ku kama.

Ku same shi ku uku ko huɗu, da dattijo ɗaya a cikinku, da mace ɗaya aƙalla, tunda matsalar asibiti da ta ruwa su suka fi saninta. Ku ce masa ba kuɗi kuka zo nema ba, za ku ga yadda zai gyara zama. Ku tambaye shi ranar da majalisa ke zama, da yaushe ta zauna na ƙarshe, ku roƙi kofen kasafin bana, ya nuna muku layin da sunan mazaɓarku ya fito. Idan ya ce shi ma bai taɓa ganin kasafin ba, kada ku yi masa dariya, ku ce ya nema a rubuce ku kuma za ku mara masa baya. Kansila da ya san akwai mutum hamsin a bayansa bakinsa ya fi buɗewa a zauren majalisa. A Kenya 'yan majalisar gundumar Nairobi sun tsige gwamnansu Mike Sonko a Disambar 2020, majalisar dattawan ƙasar ta tabbatar. Gundumominsu 47 sun fi ƙananan hukumominmu girma da iko, amma abin lura shi ne wakilan unguwanni ne suka fara tayar da maganar.

Idan baki bai yi ba, sai alƙalami. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Kwana bakwai hukuma ke da shi ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa. Idan ta hana, dole ta rubuta dalili, kai kuma kana da kwana talatin ka garzaya kotu. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na yin kofe ba. Da can jami'an jihohi kan fake da cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafi kowane mataki na gwamnati.

Yadda ka rubuta wasiƙar shi ne rabin aikin. Kada ka ce a ba ka bayanin duk kuɗin da aka kashe tun hawan ciyaman, wannan kyauta ce ka ba su, za su ce aikin ya yi yawa. Ɗauki abu guda. Ka ce, bisa dokar 2011, kana neman kofen takardar ba da kwangilar gyaran asibitin gari kaza, da sunan kamfanin, da kuɗin kwangilar, da abin da aka biya zuwa yau, da takardar shaidar kammala aiki. Babu zagi, babu "muna zargin". Yi kofe biyu, kai ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka kofen. Wasiƙar da ba ta da hatimin karɓa, gobe za a ce ba a taɓa ganinta ba. Ya fi kyau ta fita da sunan ƙungiya, ko ta ci gaban gari, ko ta iyaye da malamai, ko ta 'yan kasuwa, don kada a mayar da abin rigimar mutum ɗaya.

Kafin ma ka rubuta, je wurin aikin. Karanta allon da aka kafa, domin shi zai gaya maka mai aikin: ƙaramar hukuma ce, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko aikin mazaɓa ne na ɗan majalisar tarayya. Ɗauki hoto, rubuta ranar. Ƙirga azuzuwa, ƙirga tagogi, duba ko famfon na kawo ruwa. Sunan kamfanin da ke allon kana iya bincika shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka ga ko da gaske akwai shi. Idan asibitin mazaɓa ne, nemi kwamitin raya mazaɓa, domin asibitocin da ke cin gajiyar asusun lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, kuɗi kan shiga asusunsu kai tsaye, kuma 'yan kwamitin na da bakin magana a kan yadda ake kashewa.

Akwai wata takarda da kusan ba mai karantawa, alhali ta fi kowace nama: rahoton Odita Janar na ƙananan hukumomi. Kowace jiha na da wannan ofishi, yana bincika littattafan kuɗi ya miƙa rahoto ga majalisar dokokin jiha. A ciki ake samun kuɗin da aka fitar ba bauca, da rancen aiki da ma'aikaci ya karɓa bai dawo da lissafi ba. Jihohi da dama na sa shi a shafukansu na intanet. Rahoton kan makara, wani lokaci da shekaru, amma jami'an da ya ambata galibi suna nan a bakin aiki. Ɗan majalisar jiha mai wakiltarku na iya tayar da shi a kwamitin bin diddigin kuɗaɗen gwamnati, idan kun matsa masa.

In kun tattara hujja kuma aka yi biris da ku, ƙofofi na nan: ICPC, EFCC, hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya mai ofis a kowace jiha, a Kano kuma ga hukumar jiha ta karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci. Gidajen rediyo ma sun fi saurin ɗaukar labarin da ya zo da takarda. Kar a raina taron ƙauye: a 2012 wasu matasa ƙarƙashin shirin Follow The Money suka dage a kan Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a Zamfara, inda gubar dalma ke kashe yara, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin a farkon 2013.

Hattara da Facebook da WhatsApp. An sha kama mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta a kan masu mulki, kuma ƙarar ɓata suna tana nan. Rubuta abin da takarda ta ce da abin da idonka ya gani: an ware kaza, an biya kaza, ga hoton wurin ranar kaza. Kalmar "ɓarawo" ka bar wa alƙali. Kada ka taɓa iyalin mutum, kada ka yaɗa abin da aka turo maka ba ka tantance ba. Idan kuma aka kira ka gefe aka miƙo ambulan, ka sani ranar da ka karɓa bakinka ya rufu, na ƙungiyarku ma haka. Haka nan idan binciken ya nuna an yi aikin yadda ya kamata, ku fito ku faɗa, domin shi zai sa a yarda da ku ranar da kuka ce ba a yi ba.

Ana shirya kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka wanda ya jira sai Janairu ya makara. Ku zauna tun yanzu ku zaɓi aiki ɗaya da mazaɓarku ta fi buƙata, ku rubuta, mai unguwa da shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu, ku kai wa kansila kofe ɗaya, sakatariya ɗaya, ku riƙe na uku mai hatimi.