Wace Wuƙar Aljihu Ce Ta Fi Ƙarko?

Tambaya: Ina son wuƙa mai naɗewa don yanka igiya, buɗe kwali da fere rake. Me zan duba kafin in saya?

Amsa: Malam, fara duba mahaɗarta, wato ƙusar da ta haɗa ƙarfen da ƙota, da abin da ke kulle ta idan an buɗe. Nan ne irin wannan wuƙa ke mutuwa. Kaifi kuwa, dutsen wasa na dawo da shi, amma ƙusar da ta saki ba ta cika gyaruwa ba, kuma wuƙar da ba ta kulluwa tana iya rufewa a kan yatsunka kana tsaka da yankan rake. Shi ya sa kamfanin Opinel na Faransa, wanda ya fara aiki a 1890, ya ƙara zoben kullewa a 1955. Buɗe wuƙar a gaban mai shago, ka girgiza ƙarfen hagu da dama. In ya yi motsi, ajiye masa kayarsa.

Wani zai ce ai babba ta fi ƙarfi. Tsawo nauyi kawai yake ƙara wa ƙusar. Ƙarfe mai tsawon santimita 8 zuwa 9, kamar na Opinel lamba 8, ya wadatar. Wani kuma zai ce sai wadda ba ta tsatsa. Da damina yana da gaskiya, sai dai baƙin ƙarfe ya fi sauƙin wasawa, ɗigon mai kawai yake buƙata don kada ya yi tsatsa. Kada ka mai da wuƙar abin ɓamɓare ƙusa, kada kuma ka sa ta a jakar hannu in za ka hau jirgin sama, don za a ƙwace.