Kanar Young da takardar da aka binne

'Ya'yana, musamman ku da kuka sa kaki ko kuke shirin sawa, ga labarin wani Bature ɗan sanda, Kanar Arthur Young. Ba waliyyi ba ne, ma'aikacin mulkin mallaka ne, abincinsa daga hannun Sarauniya yake. Amma akwai wata shekara guda a rayuwarsa da nake so ku riƙe da kyau.

An haife shi a Ingila a 1907, ya shiga aikin ɗan sanda a Portsmouth yana saurayi, daga ƙasa ya faro, bai taka kan kowa ba. Yana da shekara 31 aka ba shi shugabancin 'yan sandan garin Leamington, a 1950 kuma ya zama kwamishinan 'yan sandan tsakiyar birnin Landan. Daga wannan kujera gwamnati ta riƙa aronsa duk inda wuta ta kama: Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1951, sai Malaya a 1952, inda ya dage cewa talaka ya daina ganin ɗan sanda yana canja hanya, ya sa kurata suka riƙa taimakon mutane a ƙananan buƙatunsu na yau da gobe.

A 1954 aka tura shi Kenya. Tun watan Oktoban 1952 ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda yaƙin Mau Mau, Kikuyu na neman ƙasar nomansu da Turawa suka mamaye. Ya tarar an tara dubban mutane a sansanoni, ga 'yan sintirin da gwamnati ta bai wa bindiga suna kama wanda suka ga dama, su yi masa dukan kawo wuƙa, wani ya mutu a hannunsu. Ya tarar kuma ɗan sanda a karkara bakin D.O. yake kallo, abin da Baturen mulki ya ce shi ne doka. Iyayenku da suka ga zamanin 'yan doka na En'e sun san irin wannan tsari.

Abin da Young ya nema bai da yawa. Ya ce a bar ɗan sanda ya yi biyayya ga doka da kotu, in an kawo ƙarar kisa ya bincika, ko da mai laifin na gwamnati ne. Masu bincikensa suka haɗa fayil-fayil, da sunaye da shaidu, aka miƙa sama. Sai shiru. Wani fayil ya kwanta, wani a sa baki a ciki, ana cewa in an taɓa 'yan sintiri gwiwarsu za ta yi sanyi, yaƙi ya lalace. Ya rubuta wa Gwamna Evelyn Baring a watan Nuwamba yana kokawa da rashin imanin da ake yi. Da ya ga ba a da niyyar gyara, a watan Disamba ya ajiye aiki, bai cika shekara a ƙasar ba.

Ku lura da yadda ya bi abin. Bai tara 'yan jarida ba tun farko, bai zagi kowa ba, bai kuma yi kamar bai gani ba. Ya bincika, ya rubuta, ya sa hannu, ya kai wa wanda ke da ikon gyara. Wata rana wani babba zai kira ɗayanku ya ce wannan magana a bar ta, ko a canja abin da aka rubuta a littafin ofis, ya ƙara da cewa ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ku amsa masa da ladabi, ku ce ranka ya daɗe a ba ni umarnin a rubuce. Sau da yawa nan maganar take mutuwa, domin mai son a yi ɓarna ba ya son sa hannunsa. Albashin nan kuwa ba daga aljihunsa yake fitowa ba, harajin tsohuwar nan ce da ta zo kawo ƙara tana zaune kan benci tun safe.

Kada dai ku ɗauka abin ya zo masa da tsada irin wadda zai zo muku. Young yana da kujerarsa a Landan tana jiransa, ya koma ya zauna har 1971. Kofur mai 'ya'ya biyar da gidan haya ba shi da wannan gata, kuma ni ba zan ce masa ya jefar da aikinsa kan kowane saɓani ba. Amma tsakanin ajiye aiki da sa hannu a kan ƙarya akwai fili mai faɗi, a nan yawancinku za ku tsaya.

Inda nake ganin ya gaza shi ne bayan komawarsa gida. Gwamnati ta ƙi fitar da takardar murabus ɗinsa, aka sanar da majalisa dalili mai laushi, wai saɓanin ra'ayi ne kan matsayin 'yan sanda, shi kuma bai fito fili ya fasa ƙwan ba. A watan Janairun 1955 Baring ya yi afuwar da ta haɗa har da 'yan sintirin da ake tuhuma, binciken ya bi ruwa. A 1959 masu gadi suka kashe fursunoni 11 da duka a sansanin Hola. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa an azabtar da mutane, ta biya fam miliyan 19.9, diyyar tsofaffi 5,228 haɗe da kuɗin shari'a, a lokacin Young ya shekara 34 a kabari, da yawa daga waɗanda aka zalunta ma sun riga mu gidan gaskiya.