Darasin Kwamfuta: Maɓallan da Ba Sa Aiki Su Kaɗai

A ƙasan allon rubutu na kwamfuta akwai maɓallai uku: Ctrl, Alt da Shift. Ki danna ɗaya shi kaɗai, babu abin da zai fito, shi ya sa wasu ke zaton ado ne. Aikinsu shi ne canza aikin wani maɓalli. Ƙa'idar ita ce ki danne shi ki riƙe, ki taɓa ɗayan sau ɗaya, sannan ki saki.

Fara da Ctrl da S, wato adana aiki. Duk wadda ta taɓa buga jarrabawar Islamiyya a nan Tirkaniya aka ɗauke wuta tana tsaka da shafi na uku, ta san darajarsa. Ctrl da Z kuma yana dawo da abin da kika goge bisa kuskure.

Amma abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Za ki ga katin walimar sauka an rubuta "manyan baki" maimakon baƙi, ko "dakin taro" maimakon ɗakin taro. Uzurin kullum, wai kwamfuta ba ta da su. Tana da su! A cikin Microsoft Word, rubuta 0199, ki danne Alt ki taɓa X, nan take lambar za ta koma ƙ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuwa 0253. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181.

Sai dai a kula. Word na ɗaukar haruffan a zuwa f a matsayin ɓangaren lamba, don haka in za ki rubuta baƙi, "ba" ɗin zai cakuɗe da 0199. Maganinsa, ki sa U+ kafin lambar. In kuma haddar lambobin ta yi miki nauyi, ga girki ga yara, shiga Insert, sai Symbol, ki zaɓi ƙ, ki danna Shortcut Key, ki ba ta Alt da K. Sau ɗaya za ki yi, shi ke nan. Haka ɗ da Alt da D.

Malamai masu haɗa Larabci da Hausa, in an riga an sa Larabci a kwamfutar, Alt da Shift na sauya harshen rubutu. Ctrl da Shift na dama yana mai da layi ya fara daga dama, na hagu ya dawo da shi. Sannan FDFA da Alt da X na fito da ﷺ cikakke, wanda a ganina ya fi taƙaita salati da haruffa uku.

Idan akwati ya fito maimakon ƙ, ba ke kika yi kuskure ba, salon haruffan ne ba shi da ita. Mayar da shi Times New Roman.