Babi Na Tara: Gano Musabbabin Mutuwar Kwamfutar Wasanni a Lokacin Aiki Mai Nauyi

9.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka fi damun masu kwamfutar wasanni akwai mutuwar ba-zata. Na'ura takan wuni lafiya ana rubutu ko kallo a kanta, amma da zarar an ɗora mata wasa mai nauyi sai ta ɗauke ɗif, kamar an zare mata waya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan irin wannan mutuwa kariya ce da na'urar ke yi wa kanta, ko dai daga zafi ko daga matsalar wuta. A wannan babi za a yi bayanin waɗannan dalilai da matakan gano su ɗaya bayan ɗaya, domin kada a kashe kuɗi wajen sauya sashen da lafiyarsa ƙalau. Hanyar binciken za ta amfani malami a duk inda aka damƙa masa kula da kwamfutocin makaranta.

9.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance nau'o'in tsayawar kwamfuta ta hanyar alamominsu;
(b) bayyana yadda zafi da ƙarancin wuta ke kashe kwamfuta;
(c) tsara matakan bincike daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

9.2 Sassan da Abin Ya Shafa

Sassa huɗu ne ke ɗaukar nauyin wasa. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a allo, kuma shi ya fi kowane sashe shan wuta a kwamfutar wasanni. Na uku ram, ma'adanar wucin-gadi da ke riƙe bayanan da ake aiki da su a lokacin. Na huɗu akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Aikinsa shi ne mayar da wutar soket zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ke buƙata. Duk waɗannan suna haɗuwa a kan babban allon ciki da ake kira madabod.

Lokacin da ake rubutu ko karatu, furosesa da katin hoto kusan a huce suke. Wasa mai nauyi kuwa yana sa su aiki tare da iyakar ƙarfinsu, sai shan wuta ya ninka sau da yawa, zafi ma ya ƙaru daidai gwargwado. Wannan ne ya sa raunin da ya ɓuya a lokacin ƙaramin aiki yake bayyana a lokacin wasa.

9.3 Bambance Nau'o'in Tsayawa

Matakin farko na bincike shi ne lura da yadda na'urar ta tsaya, domin kowace alama tana nuni ga wani ɓangare.

(a) Idan ta ɗauke gaba ɗaya, fankoki suka tsaya, fitilu suka mutu, zargi ya fi ƙarfi a kan wuta ko zafi. Idan kuma ta ƙi tashi sai an kashe makunnin bayan akwatin wuta an sake kunna shi, to alama ce mai ƙarfi cewa kariyar akwatin ce ta yanke wutar.

(b) Idan shuɗin allo ya fito da saƙon kuskure kafin ta sake tashi, manhajar Windows ce ta tsayar da kanta. A nan an fi zargin direba ko ram ko rashin daidaiton furosesa.

(c) Idan allo ya yi baƙi alhali sauti na ci gaba kuma fankoki na juyawa, sai a fara da katin hoto da direbansa.

Windows tana ajiye tarihin abin da ya faru a wurin da ake kira Event Viewer. A can akan tarar da saƙon Kernel-Power mai lamba 41. Ya kamata a fahimci cewa wannan saƙo bai faɗi dalili ba. Abin da yake nufi kawai shi ne na'urar ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Sai dai a cikin bayanansa akwai gurbin BugcheckCode. Idan adadin da ke wurin sifili ne, galibi Windows ba ta samu damar rubuta kuskure ba, ke nan abin ya zo mata bagatatan kamar yankewar wuta.

9.4 Zafi

Kowace furosesa tana da iyakar zafin da aka ƙayyade mata. Yawancin na kamfanin Intel iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, su kuwa Ryzen 7000 da kamfanin AMD ya fitar a 2022 iyakar mafi yawansu digiri 95 ce. Idan furosesa ta kai wannan iyaka takan fara rage gudunta domin ta huce, shi ya sa wasa ke fara sarƙewa. Idan duk da haka zafin ya ci gaba da hawa, sai ta kashe na'urar nan take don kada ta ƙone.

Alamar mutuwar zafi ita ce ɗaukar lokaci. Na'urar takan yi minti ashirin ko talatin kafin ta mutu, fankoki na ƙara, kuma idan aka sake kunna ta nan da nan sai ta fi saurin mutuwa. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da ƙura da ta toshe ƙarfen tsotse zafi, da fankar da ta tsaya, da bushewar man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, da lalacewar famfo a kwamfutocin da ake sanyayawa da ruwa. Har wa yau, akwai sababbin na'urorin da aka manta ba a ɓare ledar da ke ƙasan ƙarfen ba.

Yanayin wuri yana da tasiri ƙwarai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40, saboda haka kwamfutar da ta yi aiki lafiya da sanyin hunturu tana iya fara mutuwa a watan Afrilu, musamman da yake ƙurar hunturun ta riga ta taru a cikinta.

9.5 Wuta

Mutuwar da wuta ke jawowa ba ta jiran na'ura ta yi zafi. Takan zo daidai lokacin da aiki ya yi tsalle, misali sa'ad da aka shiga wani fage mai yawan hotuna, ko da kuwa minti biyu ke nan da kunnawa.

Domin a fahimci haka, a ɗauki katin RTX 3080 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020. An ƙayyade shansa a kan wat 320, kuma kamfanin ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 750. A ƙaddara furosesa na shan wat 150, sauran sassa kuma wat 80. Jimilla wat 550 ke nan, don haka mai akwatin wat 600 zai ga kamar ya wadatu. Abin da lissafin ya ɓoye shi ne katin yakan zabura ya ja wutar da ta zarce ƙa'idarsa nesa ba kusa ba, na wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwatin wuta yana da kariyar da ke yanke wuta idan jan ya wuce kima, sai ya ɗauki wannan zabura a matsayin haɗari ya kashe komai. Saboda wannan matsala ne ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatunan wuta masu sabon mahaɗin katin hoto su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa.

Wayoyi ma abin dubawa ne. Ramin da ake soka kati a madabod yana ba da wat 75, mahaɗi mai baki 6 an ƙayyade masa wat 75, mai baki 8 kuma wat 150. Idan kati yana da mahaɗi biyu ko uku, ya fi dacewa kowanne ya samu wayarsa daga akwatin, maimakon a rataya su duka a kan waya ɗaya mai rassa. Sabon mahaɗi mai baki 16, wanda ke ɗaukar har wat 600, dole a tura shi har ƙarshe. A 2022 an samu rahotannin narkewarsa a katin RTX 4090, aka kuma danganta da yawansu da rashin shigarsa sosai.

Bugu da ƙari, matsalar tana iya kasancewa a wajen kwamfutar. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan faɗi ƙasa da haka, ga kuma ƙananan janareto da ke tangal-tangal idan firji ko famfon ruwa ya tashi. Haka nan ƙaramin UPS da aka rubuta wa 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 400 ba. Idan aka jona masa kwamfutar da ke shan wat 550, shi da kansa zai yanke wutar.

9.6 Sauran Dalilai

Akwai masu ƙara wa furosesa ko katin hoto gudu fiye da yadda aka ƙera su, akwai kuma tsarin XMP na Intel da EXPO na AMD da ke ƙara wa ram gudu. Duk waɗannan suna iya sa na'ura ta kasa tsayuwa da ƙafarta a lokacin nauyi. Wani lokaci kuma aibin daga masana'anta yake. A 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesocinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima, abin da ke raunana su sannu a hankali. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu.

9.7 Matakan Bincike

Ƙa'idar bincike ɗaya ce: a sauya abu ɗaya tak, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko da matsalar ta kau, ba zai san wanne ne ya yi maganinta ba.

1. A adana muhimman bayanai a wani wuri, domin yawan mutuwar ba-zata yana lalata fayiloli.
2. A rubuta lokacin kowace mutuwa, da wasan da ake yi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. A kashe tsarin sake tashi da kai a Windows domin a samu damar karanta shuɗin allo in akwai.
3. A jona kwamfutar kai tsaye a soket mai kyau lokacin da wuta ke da ƙarfi, ba tare da UPS ko wayar ƙari ba.
4. A mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani, a soke duk wani ƙarin gudu.
5. A zare waya, a hure ƙura tare da riƙe fankoki kada su juya, a sake danna ram da kati da dukkan mahaɗai.
6. A yi amfani da manhajar HWiNFO wajen rubuta zafi a fayil yayin wasa, domin a ga adadin ƙarshe kafin mutuwa.
7. A gwada sassa daban-daban: Prime95 don furosesa, FurMark don katin hoto, MemTest86 don ram. Idan kowanne ya tsallake shi kaɗai, amma na'urar ta mutu da aka haɗa biyun farko alhali zafi bai kai iyaka ba, zargi ya koma kan akwatin wuta.
8. A rage wa katin hoto iyakar shan wuta zuwa kashi 70 cikin ɗari. Idan mutuwar ta tsaya, an ƙara samun hujja, ko da yake ragin yana rage zafi ma, don haka a haɗa shi da sakamakon mataki na 6.
9. A ari akwatin wuta mai inganci a gwada kafin a sayi sabo.

Gargaɗi: kada ɗalibi ya buɗe akwatin wuta, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. Kada kuma a yi amfani da wayoyin wani akwati a kan wani, saboda tsarin bakinsu yakan bambanta, kuskure ɗaya yana iya ƙone kati. Idan aka ji ƙauri ko aka ga mahaɗi ya sauya launi, a dakatar da gwaji a kai wa ƙwararre.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa mutuwar kwamfuta a lokacin aiki mai nauyi tana da alamomin da ake iya karantawa. Ta zafi takan zo bayan an jima, ta wuta takan zo daidai lokacin da nauyi ya yi tsalle, ta manhaja kuwa takan bar saƙo. An kuma jera matakan bincike daga waɗanda ba sa cin ko kwabo zuwa aron akwatin wuta, ta yadda sayen sabon sashe zai zo ne bayan hujja ta tabbata.

Tambayoyi

1. Me saƙon Kernel-Power mai lamba 41 yake nufi, me kuma ba ya nufi?
2. Kawo alamomi biyu da ke bambance mutuwar zafi da ta wuta.
3. Wata kwamfuta tana shan wat 500, an jona ta a UPS mai 650VA. Bayyana abin da zai iya faruwa da dalilinsa.
4. Me ya sa ake sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji?
5. Tsara darasi na minti 40 da za ka koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare yadda ake kare kwamfuta daga ƙura da zafi.